A Sa Hausa A Allunan Hani

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, mu dubi allunan makarantarmu. A ƙofar ofis, "Staff Only". A ɗakin gwaje-gwaje, "Out of Bounds". A aji, "No Vernacular". Kowanne da irin iyakarsa: "no" hani ne gaba ɗaya, "only" ta ware wasu ta bar saura a waje, "out of bounds" kuwa cewa take kada ƙafarka ta taka nan.

Ko sunan unguwarmu haka yake. Harafin R na GRA daga "Reserved" ya fito, wato keɓaɓɓen wuri. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a Nassarawa da Bompai suka keɓe wa kansu mazauni, wajen ganuwa.

Ba ma ƙin doka, makaranta ba ta zaunuwa sai da ita. Amma ɗan aji ɗaya da aka zane kan allon da bai iya karantawa ba, me ya koya? Muna roƙon hukumar makaranta ta sa Hausa ƙarƙashin kowane allo, haɗe da dalili: "Kada a shiga, akwai sinadarai masu ƙuna." Shi kuwa "No Vernacular", a sauke shi. Yin Hausa ba laifi ba ne.