Takin Gargajiya Ga Furen Wardi: Shi Ma Yana Da Ƙa'ida

Yau za mu leƙa tsakar gida, inda iyalai da dama a birane kamar Jos da Abuja ke shuka furen wardi a tukwane ko a gefen katanga.

Wardi shuka ce mai ci. Tana buƙatar naitirojin don ganye, fosforas don saiwa da fure, sai fotasiyam don ƙarfin jiki. Kashin shanu, na awaki da na kaji duk suna ɗauke da su. Amma kamar magani, taki idan ya yi yawa sai ya koma illa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, saboda haka a tara shi da busasshen ganye da ɓawon ayaba, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har wata 3 zuwa 6. Idan ya yi baƙi, warinsa ya tafi, to ya nuna.

A zuba cikin tafin hannu biyu kewaye da kowace shuka bayan mako 4 zuwa 6, kada ya taɓa kara, sannan a ba da ruwa. A rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa don riƙe danshi lokacin hunturu. Toka kuwa sai kaɗan-kaɗan, domin wardi ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuma tana rage tsamin.

Yanzu ga ɓangaren lafiya. Ɗanyen taki na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella masu jawo gudawa, kuma yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa. Ƙwayar tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, sukar ƙaya ɗaya ta isa ta buɗe mata hanya. A sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Wanda ƙaya ta soke shi ya wanke wurin nan take, kuma idan ya haura shekara 5 rabonsa da allurar tetanus, ya je asibiti. Masu ciwon suga kada su shiga lambu ba takalmi, domin rauninsu ba ya saurin warkewa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.