Gafakar Kakanni a Bakin Gara

A 1780 Joaquín Ibarra ya buga Don Quijote a Madrid, juzu'i huɗu, har yau mutanen Sifaniya na riritawa, attajirai na rububinsa a gwanjo. Mu fa, Hausawan Kilomita Biyar? Kundayen da kakanninmu suka rubuta da alƙalamin kara, kan takardar Italiya mai tambarin wata uku, mun bar wa gara da danshin damina. Waɗanda suka salwanta a hijirar 2014, babu mai zarginmu. Waɗanda suka tsira fa? Wai bugun Masar ya wadatar! Bugun Masar ba ya ɗauke da sharhin ajamin kakanninmu a gefen shafi. 'Ya'yanmu sun iya Sango da Faransanci, ajamin kuwa mu ne muka ƙi koya musu.