Otal ɗin Gungume a Dajin Yellowstone

Sharhinmu na yau zai kai mu jihar Wyoming ta Amurka, cikin gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, kuma ake lissafa shi a matsayin gandun daji na ƙasa na farko a duniya. A cikinsa akwai wani tsohon otal mai suna Old Faithful Inn. An buɗe shi a 1904, ya haura shekara 120 ke nan yana sauke baƙi.

Wanda ya kama ɗaki a tsohon ɓangaren otal ɗin, kada ya sa ran talabijin, kada ya nemi na'urar sanyaya ɗaki. Da yawa daga ɗakunan ma babu banɗaki a ciki, sai wurin wanke hannu kawai. In wanka kake so, ka rataya tawul ka bi baranda, ka yi layi da wanda ba ka taɓa gani ba. Daɓen katako ne, kana taka shi yana ƙara, maƙwabcinka ya yi tari ka ji. Duk da haka, mai son ɗaki a lokacin zafi sai ya nema kusan shekara guda kafin tafiyarsa, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. To me mutane ke saye?

Amsar tana cikin babban zauren. Kana tura jar ƙofar nan mai ƙarafa ka shigo, sai ka ga kowa ya ɗaga kai sama, baki buɗe. Rufin ya kai ƙafa 76, kusan mita 23, kuma duka da gungumen itace aka ɗaga shi. Baranda bisa baranda, an tokare su da karkatattun rassa, irin waɗanda wani kafinta zai jefar ya ce ba su da amfani. A gefe guda ga murhu na dutse mai nauyin tan 500, an rataya masa ƙaton agogon ƙarfe da wani maƙeri, George Colpitts, ya ƙera da hannu. Da dare ya yi, sanyi ya sauko, sai a hura wuta, mutane su jawo kujeru, wasu na karatu, wasu na gyangyaɗi, ƙamshin itace ya cika wurin.

Wanda ya zana ginin, Robert Reamer, shekararsa 29 kacal a lokacin. Itacen daga dajin aka saro, duwatsun ma nan kusa aka fasa, kuma ma'aikata suka yi ta aiki cikin hunturun 1903 zuwa 1904, a wurin da dusar ƙanƙara ke binne hanya. Ba don Allah aka gina shi ba, a faɗi gaskiya. Kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ne ya ba da goyon bayan kuɗi, don masu hannu da shuni su sayi tikiti su zo kallo. Baƙin farko a keken doki suka iso, domin sai a 1915 aka bar mota ta shiga dajin. Su kuwa 'yan asalin yankin, irin ƙabilar Shoshone da suka daɗe suna farauta a duwatsun, tuni aka kawar da su kafin a kafa gungume na farko. Wannan ɓangaren labarin ba kasafai ake sa shi a takardar talla ba.

Daga barandar waje mutum ke kallon abin da ya kawo shi. Wata maɓuɓɓugar tafasasshen ruwa ce da ke tsartuwa sama, wani lokaci har ta haura mita 40, kusan duk bayan awa ɗaya da rabi. A zaure ake rubuta lokacin da ake sa ran fesowarta ta gaba. Wanda ya zo yini ɗaya cikin cunkoso zai gan ta. Wanda ya kwana kuwa, da asuba zai fito, ya tarar da tururi na tashi, ƙila ga bauna tana kiwo kusa da hanya. Doka ta ce a ba ta tazarar yadi 25, kuma duk wanda ya raina dokar, ƙaho ne ke yi masa bayani.

Sau biyu ginin nan yana leƙa kabari. Ranar 17 ga Agustan 1959 girgizar ƙasa ta afka wa yankin, ta kashe mutum 28, ta rusa bututun hayaƙin ɗakin cin abinci. Tun daga ranar aka hana baƙi hawa ɗan dandalin da ke can ƙololuwar zaure, inda a da makaɗa ke zama suna kiɗa ana rawa a ƙasa. Sai kuma gobarar 1988, wadda ta shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na dajin. Ranar 7 ga Satumba wuta ta iso bakin otal ɗin. 'Yan kwana-kwana sun yi namijin ƙoƙari, iska ma ta ɗan sauya, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne bututun yayyafa ruwa da aka sa a kan rufin shekara guda kafin nan. Wani ne ya zauna ya yi tunanin gobara tun ba a ga hayaƙi ba, aka kuma fitar da kuɗin. Daga 2004 aka sake shiga gagarumin gyara, aka ƙarfafa ginin saboda girgizar ƙasa, ba tare da an sauya masa kama ba.

A ganina, wannan kulawar ita ce ake biya. Gini kowa na iya yi, riƙon shi ne aiki. Mu ma muna da Yankari a jihar Bauchi, da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki, tun 1962 ake karɓar masu yawon buɗe ido a can. Kira nake ga masu riƙe da irin waɗannan wurare, su ware kuɗin gyara duk shekara, su toshe yoyo tun yana ɗigo, kuma su daina ganin tsufan gini a matsayin dalilin rushe shi.

Mai niyyar zuwa Old Faithful Inn kuma ya sani, daga watan Mayu zuwa Oktoba kawai yake buɗe.