"Fanel Ya Ƙone": Hukuncin Da Ake Yanke Wa Injin Wanki Ba Bincike

Injin wanki ya tsaya da ruwa a cikinsa. An kira mai gyara, ya danna maɓalli biyu, ya girgiza kai: "Alhaji, fanel ya ƙone." Daga nan sai kuɗin da ya kusa kai na sabon inji, ko a tura shi bayan gida ya zama matattarar ƙura. Wannan hukunci na gaggawa ya halaka injuna masu sauran rai, kuma jahilcin masu su ne ke ba shi gindin zama.

Abin takaici, injin da kansa yana faɗin ciwonsa. A injunan LG, OE na nufin ruwa ya ƙi fita, IE ruwa ya ƙi shiga, UE kuwa kaya sun taru gefe guda. Samsung na nuna 5C da 4C kan matsaloli biyun farko. Idan ruwa ya ƙi fita, sau da yawa tsabar kuɗi ko zare ne ya toshe matatar famfo, wadda ke bayan ƙaramin murfi a ƙasan injin. A cire wuta, a tara kwano, a kwance ta a wanke. Idan ya ƙi shiga, a duba 'yar rariyar bakin tiyo, wadda yashin ruwan burtsatse ke cikewa, sannan a dubi tsayin tanki: kowace mita 10 ce ke ba da ƙarfin ba ɗaya, don haka tankin da ke dab da rufi ba zai tura ruwa yadda ake so ba. Mota na kuka amma gangar ba ta juyawa? A fara da bel.

Gaskiya ne fanel na ƙonewa, musamman inda wuta ke hawa da sauka. Amma shi ne abu na ƙarshe da za a zarga, bayan an auna da mita.

Tun Maris 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni samar da kayan gyaran injin wanki har tsawon shekara 10. Inda babu irin wannan kariya, garkuwar mai inji ita ce tambaya guda: "Malam, me ka auna?" Mai gyaran da ba shi da amsa bai cancanci ko kwabo ba. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.