Kafin Ka Zagi Batir, Duba Ƙyauren

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, matar ƙanena ta dawo daga asibiti da jaririya a baya, an yi mata allurar riga-kafi. Ta ɗora yatsa a kan makullin ƙofar falo, shiru. Ta danna lambobin sirri, ko ɗan hasken nan bai kawo ba. Mabuɗan ƙarfe biyu da suka zo cikin kwalin makullin suna cikin durowar gefen gado, a ɗakin da ba ta da hanyar shiga, maigidan kuma yana Zariya. Kusan awa uku ta yi a gidan maƙwabta, yarinya na ta kuka saboda zafin allura, kafin ta kira ni ta ce, "Yaya, don Allah ka zo, ƙofa ta ƙi mu." Na zo da fawa bank, na laluba ƙarƙashin makullin har na samu ɗan ramin da ake soka wayar caji, na jona. Ya yi ƙara sau ɗaya, ta ɗora yatsa, ƙofa ta buɗe. Batura huɗun da ke ciki mako biyar kacal suka yi.

Wanda ya sayar musu da shi cewa ya yi batir zai shekara. Ba na ce ƙarya ya shirga ba, abin da ke jikin kwali ya karanta. Sai dai alƙawarin da ke jikin kwali an yi shi ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, ƙyaure yana zaune daidai a mazauninsa, batirin da ake sa masa kuma na gaske ne. Ko a can inda waɗannan abubuwa suka cika, kamfanin Schlage na Amurka wata shida yake ƙiyasta wa makullinsa mai Wi-Fi da ake kira Encode, mai cin batir AA guda huɗu. To ina ga gidajenmu?

Bayan wannan rana na sa ƙanena ya kira kafintan da ya kafa ƙofar. Dattijon bai taɓa makullin ba ma. Ya buɗe ƙyauren, ya ce a kulle shi a buɗe. Sakata ta fito sumul, da ɗan sauti kaɗan. Ya rufe ƙyauren ya ce a sake. A nan muka ji ɗan injin da ke ciki yana gurnani, ya tura, ya tsaya, ya sake turawa kafin sakatar ta shige. Ya dubi ƙanena ya ce, "Alhaji, kai da kake da hannu sai ka danna ƙyauren da kafaɗa ka murɗa mabuɗi. Shi wannan ba shi da kafaɗa, da batirinka yake dannawa." Ya ciro magagari, ya kankare bakin ramin da sakatar ke shiga, ya ɗaure kusoshin da ƙyauren ke rataye a jikinsu, duka aikin bai kai rabin awa ba.

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi cin batir a gidaje da yawa. Injin da ke tura sakata ƙarami ne ƙwarai, duk lokacin da ya gamu da turjiya sai ya zuƙi wuta fiye da ƙima, wasu makullan ma sukan maimaita yunƙurin sau biyu ko uku kafin su haƙura. Ƙofofinmu kuwa ba sa zama a hali ɗaya. Ta katako takan kumbura da damina, ta motse da hunturu. Ta ƙarfe, wadda mai walda ya haɗa a bakin titi, takan buɗa idan rana ta dake ta, ga nauyi da ke sa ta sunkuya a hankali. Makullin da aka kafa daidai a watan Janairu zai iya fara gurnani a watan Agusta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon: idan ta lulluɓe wurin ɗora yatsa, sai an gwada sau uku ko huɗu kafin ya gane mai gida, kowane gwaji kuma wuta ce ke tafiya. Tsumma busasshe ya wadatar.

Sai Wi-Fi. A cikin duk hanyoyin da makulli ke magana da wayar hannu, ita ce mafi zuƙar wuta, domin asalinta an yi ta ne don na'urorin da ke jone da soket ko ake yi wa caji kullum. Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wanda ya fito a 2010, da Zigbee da Z-Wave da Thread duk an tsara su ne don ƙananan na'urori masu rayuwa da batir. Matsalarmu ta ƙara da cewa na'urar da ke raba intanet a gida tana mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta. Makulli ya nemi layi bai samu ba, ya sake nema, ya sake, haka zai yi ta yi. Idan kuma na'urar tana can ƙuryar ɗaki, bangon bulo biyu da ƙyauren ƙarfe sun shiga tsakani, ko da wuta wahalar ɗaya ce. Wanda ya tuna watan Oktoban 2024, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ya san irin gidan da muke roƙon wannan na'ura ta yi aiki a ciki.

Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana: mafi yawanmu ba ma buƙatar Wi-Fi a makulli. Sau nawa a shekara kake buɗe wa baƙo ƙofa kana wani gari? Yatsa da lambobi da kati duk suna aiki ba tare da intanet ba. Shiga manhajar ka cire haɗin. Wanda lallai yake buƙatarsa, kamar mai gidajen saukar baƙi a Abuja da ke canza wa kowane baƙo lamba daga nesa, ya ɗora na'urar intanet ɗinsa a kan sola ko inbata, ya matso da ita kusa da ƙofa, ko ya sayi makullin da ke da ɗan akwatin haɗi na daban wanda ake jonawa a soket, shi ya ɗauki nauyin magana da intanet.

Batirin kansa fa? Da na buɗe murfin makullin ƙanena, irin batirin tocila da rediyo na tarar, wanda ake saye a teburin mai shago. Girmansu ɗaya da na kirki, shi ya sa ake ruɗewa. Akwai alama a jikin kowane batir da ya kamata kowa ya sani. Idan ka ga LR6, alkalin ne, shi masu ƙera makullai suka fi cewa a sa. Idan R6 ko R6P ka gani, na gawayi da zinki ne, ko da an rubuta masa kirari da manyan baƙaƙe. Wutarsa ba ta kai rabin ta alkalin ba idan aiki ya yi nauyi, ga saurin tsiyaya. Araha ba ta ado. Batir mai caji, wanda ake rubuta wa HR6, volt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, saboda haka makulli kan ɗauka ya kusa ƙarewa tun yana cike. Na litiyam, FR6, ya fi jure zafi da daɗewa, amma yana riƙe ƙarfinsa har dab da mutuwa sannan ya faɗi gaba ɗaya, gargaɗin da makulli ke yi kafin batir ya ƙare sai ya zo a makare ko ya ƙi zuwa. Shi ya sa wasu kamfanoni suka hana amfani da shi, don haka a duba takardar da ta zo da makullin. A canza huɗun a lokaci ɗaya, kada a gauraya sabo da tsoho, a duba ranar lalacewa a jikin fakiti, a kuma sayi a inda aka amince da shi, domin jabun batir mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni ya cika kasuwa. Wanda ya ga farin gari a mazaunin batir ya san ya tsiyaya, ya goge ƙarafan kafin ya sa sabo.

Duk wannan gyara ne na ƙara wa batir kwana. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da zai mutu, don zai mutu. Maigida da ya sayi makullin yakan san dabarar fawa bank, ko ta batir mai volt 9 da ake dangwalawa a ƙasan wasu makullan Yale. Amma ba shi ne ke tsaye a bakin ƙofa da azahar ba. Matarsa ce, ko yaro ya dawo daga Islamiyya, ko tsohuwa da ta fita barka. Su ba wanda ya nuna musu ramin, ba wanda ya gaya musu cewa jan hasken nan da ƙarar da makulli ya yi kwanaki yana yi roƙon sabon batir ne. Matar ƙanena ta ce ta fi mako tana jin ƙarar, ta zaci haka yake yi.

A nan nake ganin alhakin masu sayarwa da masu kafawa. Mutumin da ya karɓi kuɗi mai yawa ya kafa makulli bai gama aikinsa ba sai ya tara mutanen gidan ya nuna musu alamar batir, ya nuna ramin caji, ya sa kowa ya gwada mabuɗin ƙarfe da hannunsa, domin a yawancin makullan nan ramin mabuɗin a ɓoye yake a ƙarƙashin wani murfi. Ni kam ba zan ba kowa shawarar sayen makullin da ba shi da ramin mabuɗi ba, komai kyansa. Kuma mabuɗin ya kwana a waje: ɗaya a mota ko jaka, ɗaya a gidan wanda aka yarda da shi.

Kada a jira gargaɗi. A tsayar da lokaci biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, a canza batir, a kuma yi gwajin dattijon kafinta, tunda a waɗannan lokutan ne ƙyaure ke sauya zama. Haka ƙanena yake yi yanzu. Ya cire Wi-Fi, ya koma LR6, kuma batiran da ya cire da shigowar sanyin bana sun yi wata biyar makulli bai yi ƙara ba, har ya zuba su a rediyon maigadi suna ci gaba da aiki. Mabuɗi ɗaya yana cikin jakar matarsa, ɗayan yana gidan Hajiyarmu, rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta.