"Ai da idonka ka gani": garkuwar macuta a kasuwannin Damargu

Masana shari'ar Turai suna da wani zance na Latin, caveat emptor, wato mai saye ya yi hattara: da zarar ya biya, aibin haja ya zama nasa. Alƙalan Ingila ne suka ɗaure masa gindi tun shari'ar 1603, wadda a cikinta mutumin da ya sayi dutsen magani na jabu ya tashi a tutar babu, don ba a ba shi lamuni a fili ba.

Dillalan Balbeji da Tanut ba su karanta Latin ba, amma sun haddace fassararsa: "Ai da idonka ka gani." Gaskiya ne makiyayi na iya duba haƙoran rago. To, wane ido ke hango yashi a gindin ɗinkakken buhu, ko tiyar da aka bubbuge ƙasanta? Manomin Tarka da ya karyar da geronsa da kaka, ya dawo saye da bazara, ina ya ga sukunin bincike? Wannan cinikin biri a sama ne.

Fiƙihun Malikiyya ya haramta ɓoye aibi, ya ba mai saye ikon mayar da haja. Nijar kuma ta kafa dokar kare masu saye tun 2015. Saura aiki da ita. Hukumar da ba ta fashin karɓar harajin kasuwa, ita ce ya wajaba ta buɗe ido, ta binciki tiyoyi, ta hukunta 'yan algus.