FILIN MATA: Aikin Bayan Labule Da Lokacin Da Yake Ci



Yanzu ƙarshen zango ya matso, makarantu da yawa sun fara shirin wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka. Tambayar da iyaye mata suka fi yi mini a kwanakin nan ita ce: "Malama, yarinyar nan ta ce ba ta cikin masu fitowa, to, me ke tsare ta a makaranta har bayan la'asar?" Tambaya ce mai kyau, ta kuwa cancanci amsa filla-filla.

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurinmu. Matan fada sun daɗe suna wasan gauta, yara kuma suna tashe in azumi ya kwana goma. Na makaranta ma ya daɗe, gama tun 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ke koyar da tsabta da kiwon lafiya. Amma 'yan kallo ba su ganin kowa sai wanda ya fito fage. Alhali kuwa a bayan labule akwai wata ƙungiya, wadda in ta yi sakaci minti biyar kaɗai, sai wasan ya watse. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ayyukan, da irin lokacin da kowanne ke bukata.

Na fari, mai raɗa. Ita ce ke zaune a gefen labule da littafin wasan, in wata ta manta maganarta sai ta tuna mata a hankali. Wannan ba ta da hutu. Mai fitowa a kashi na biyu kaɗai tana iya fashin gwajin kashi na ɗaya, amma mai raɗa tilas ta halarci kowane gwaji tun daga ranar farko, domin ta san inda ake yin shiru da gangan da inda aka yi shi don mantuwa.

Na biyu, masu tufafi. Nasu aikin da wuri yake farawa, rabinsa kuma a gida ake yinsa. A makarantar 'yan mata su ne ke zama sarki da alƙali da dogari, saboda haka sai an bi gida-gida aron babbar riga da rawani da hula da takalma. Sai a rubuta na wane ne, a gwada wa mai sawa, a rage tsawo da ɗinkin da za a iya warwarewa ba tare da an ɓata rigar mutane ba. Naɗin rawani kansa sai an koya. Yarinyar da ba ta taɓa yi ba, ba za ta iya shi ran wasa da safe ba.

Na uku, masu kayan fage da labule. A ce fitowa ta ɗaya tsakar gida ce, da turmi da tabarma da tulu, ta biyu kasuwa, ta uku zauren alƙali. Tsakanin rufe labule da buɗe shi bai kamata a wuce minti biyu ba, in ba haka ba 'yan kallo su fara surutu. Kafin yara huɗu su iya kwashe kayan nan su jera waɗansu cikin minti biyu, ba karo ba ƙara, sai sun maimaita har kowace ta san abin da za ta ɗauka da inda za ta ajiye shi. Aikinsu ya fi yawa a mako biyu na ƙarshe.

Na huɗu, masu fitila da lasifika, da masu kwalliya, watau masu liƙa gemun auduga da shafa hoda a kai don a sami furfura. Waɗannan makon ƙarshe ne nasu, shi ya sa aikin ya fi dacewa da yarinyar da hidimar gida ta yi wa yawa.

To, bari mu yi lissafi, yadda nakan tsara wa nawa ɗalibai in wasan na awa ɗaya ne, shirinsa kuma mako shida. Mako uku na fari, kwana biyu a mako, awa ɗaya da rabi kowace rana: awa 9 ke nan. Mako na huɗu da na biyar, kwana uku a mako, awa bibbiyu: awa 12. Makon ƙarshe, kwana biyar, awa uku-uku: awa 15. Ranar wasa su ne farkon zuwa, su ne ƙarshen tashi: awa 6. Kashegari kuma, sa'ad da masu fitowa ke gida suna karɓar barka, su suna wanki da guga da mai da kayan aro: awa 4. Jimla awa 46. In muka ɗauki yinin makaranta awa shida, kusan kwana takwas ke nan na karatu. Ba kowace ce za ta cika wannan adadi ba, amma mai raɗa da shugabar ƙungiya za su cika shi, har su ɗara.

Ƙannena, kun dai gani. Kada wadda ta ɗaga hannu don ta ga ƙawarta ta ɗaga. Kafin ki ce "ni", tambayi malama abu uku: waɗanne ranaku ne, ƙarfe nawa ake tashi, kuma wane mako ne ba a yarda da fashi ba. Ki rubuta, ki kai wa iyayenki, ki sami izininsu tun ba a fara ba. Ki duba Islamiyyarki, da girkin dare, da aikin gida da ake ba ku. In kina ajin ƙarshe, jarrabawar WAEC da ta NECO na gabanki, to, bar wa na bayanki babban aiki, ki ɗauki kwalliya ko jan labule. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wadda ta ƙi tun farko ba ta cuci kowa ba. Wadda ta karɓa ta yar saura kwana uku, ta tafi da abin da ke kanta wanda ba wanda ya sani sai ita, ta kuma kunyata yara talatin a gaban iyayensu.

Iyayena, ku kuma ina roƙonku abu biyu. In za ku hana, ku hana tun ranar da ta zo da takarda, kada sai makon ƙarshe. In kuwa kun yarda, ku rage mata aikin yamma na makon nan guda, ku kuma shirya wanda zai rako ta gida. Hakkinku ne ku nemi makaranta ta ba ku jadawali a rubuce, a kuma sallami yara kafin magariba. Malamar da ta san aikinta ba za ta ji haushin wannan ba.

Kada kuma ku ce asarar lokaci ce tun da ba a tafa mata. Yarinyar da ta riƙe lissafin kayan aro na gida goma ta mai da su ba ko allura da ta ɓace, ta koyi riƙon amana. Wadda ta tsara wa mutum talatin lokacin shiga da fita, ta koyi abin da za ta gudanar da gida da shi, ko aji, ko ɗakin asibiti. Mu malamai, in aka zo zaɓen shugabar ɗalibai, bayan labule muke fara dubawa.

In kun je kallo bana, bayan an gama ku tambayi wadda ta naɗa wa alƙali rawani, ku yi mata barka ita ma.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama